Littafin Buri: Yadda Ake Tsara Burin Shekara Goma, a Kuma Bi Shi Mako-Mako

Duk ƙarshen shekara sai matasan unguwarmu, da wasu daga cikin ɗaliban da nake koyarwa da yamma, su zo mini da takarda. Wani a waya ma yake rubutawa. Jerin abubuwa ne da suke son samu kafin su kai shekara talatin ko arba'in: Hajji, gida, mota, digiri na biyu, hadda, aure, shago a Kantin Kwari, koyon Larabci, duk a shafi ɗaya. Nakan karanta, in sa musu albarka, sannan in yi tambaya guda: a wannan makon da muke ciki, wace rana kuma da ƙarfe nawa za ka taɓa ɗaya daga cikinsu? Galibi sai a yi shiru. Shekara na zagayowa su dawo da takardar nan dai, ba a soke ko layi ɗaya ba, sai ma an ƙara biyu.

Ba lalaci ne ke damunsu ba, yawancinsu tun asuba suke fita nema. Abin da ba a koya musu ba shi ne yadda ake ɗaukar buri mai nisa a daddatsa shi har ya zama aikin ranar Talata. Na fi shekara goma sha biyar ina riƙe da littafin buri, na cimma wasu, na soke wasu da hannuna, kuma kurakuran da nake gani a wajen masu farawa iri ɗaya ne. Shi ya sa na rubuta wannan.

Abubuwan da za ka tanada

Littafin rubutu mai bango mai kauri, wanda zai jure shekaru. Kada ka dogara da waya. Waya takan faɗa ruwa, a sace ta, ko a sayar, kuma duk lokacin da ka buɗe ta don duba burinka, saƙon WhatsApp zai riga ka.

Biro da fensir. Da biro ake rubuta burin kansa, da fensir ake rubuta farashi da kwanan wata, domin su ne za su riƙa canjawa.

Kalanda mai ɗauke da watannin Musulunci da na Bature a haɗe. Za ka ga amfaninta a mataki na bakwai.

Lissafin abin da ya shigo hannunka da abin da ya fita na wata uku. In ba ka da shi, fara rubutawa yau, har kuɗin data da na mai shayi. Wanda bai san nawa ke raguwa a hannunsa ba, duk abin da ya tsara a iska ya tsara shi.

Mutum ɗaya amintacce, wanda ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya.

1. Zubo komai, sannan ka tace

Ka samu lokacin da gida ya yi tsit, ka rubuta duk abin da ranka ke so, ko talatin ne, ba tare da ka ce wannan ya fi ƙarfina ba. Ka rufe littafin, ka bar shi mako guda. Dalilin jiran shi ne, abin da mutum ya rubuta a daren da ya dawo daga bikin abokinsa mai kuɗi dabam yake da abin da zai rubuta bayan zuciyarsa ta kwanta.

In ka dawo, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da wannan tambaya: da a ce babu wanda zai taɓa sanin na samu abin nan, zan ci gaba da son sa? Burin da ya faɗi a wannan gwaji na idon mutane ne, kuma shi ya fi cin kuɗi. Na sha ganin wanda ya rubuta mota a saman jerinsa alhali daga gidansa zuwa wurin aikinsa tafiyar minti goma ce a ƙafa.

Sannan ka buɗe shafi dabam ka rubuta abin da ke wuyanka: bashi, sadakin da ba ka cika ba, kuɗin makarantar ƙanne, maganin mahaifiya. Waɗannan haƙƙi ne, kuma suna gaba da kowane buri. Kuskure ne babba mutum ya fara tara kuɗin kujerar Makka yana kauce wa layin da mai binsa bashi yake zama.

2. Mayar da kowane buri abin da za a iya ƙirgawa

"Ina so in inganta addinina" magana ce mai kyau, amma ba ta da ma'auni, don haka ba ranar da za ka ce na yi ko ban yi ba. Ka ce hadda, sai lissafi ya fito. Alƙur'ani izu sittin ne, kowace izu sumuni takwas, jimilla sumuni 480. Mai haddace sumuni ɗaya a mako zai ɗauki mako 480, wato shekara tara da 'yan watanni. Mai yin biyu a mako zai gama cikin ƙasa da shekara biyar, in ba a samu tsaiko ba. Da ka ga waɗannan alƙaluma, kai da kanka za ka yanke: ko dai ka yarda da shekara taran, ko ka rage burin zuwa izu goma, ko ka nemo lokacin da za ka ƙara. Kuma ka sa lokacin tilawa a lissafin, domin haddar da ba a maimaitawa zubewa take yi, mutum yana gaba baya tana warwarewa.

Haka sauran. "Gina gida" ya koma ɗaki biyu da falo da banɗaki da katanga, a fuloti a unguwa kaza. "Koma makaranta" ya koma digiri a fanni kaza. "Kula da lafiya" ya koma awon jini duk wata uku da tafiyar rabin awa sau huɗu a mako. Ke kuma 'yar'uwa da kika rubuta "dogaro da kai", ki ce keken ɗinki ne, ko firiza ta sayar da ƙanƙara da zoɓo, ko takardar koyarwa, domin kowanne da irin hanyarsa.

3. Auna burin da kaya, ba da naira ba

Nan ne na fi son a tsaya, domin nan ne mutanenmu suka fi ƙonewa a 'yan shekarun nan.

A 2023 kujerar aikin Hajji a Najeriya ba ta cika naira miliyan uku ba. A 2024, bayan maniyyata sun biya abin da aka fara sanarwa, sai aka nemi su ciko kusan miliyan biyu cikin 'yan kwanaki. A 2025 kujerar ta haura miliyan takwas. Dalili a fili yake: kuɗin jirgi da masauki da hidimar Mina da Arfa da kuɗin waje ake biyan su, dala kuma wadda ke wajen naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Wanda ya rubuta a littafinsa "miliyan uku, Hajji, shekara biyar" bai yi kuskuren niyya ba, kuskuren ma'auni ya yi. Yana tafiya, abin da yake bi yana gudu.

Don haka ka rubuta burinka da abin da ba ya narkewa. Gini: bulo nawa, buhun siminti nawa, rodi nawa, bandir ɗin kwano nawa, tifar yashi nawa. Hajji: nawa kujera take in an juya ta zuwa dala a bana. Karatu: zango nawa, kuɗin rajista nawa a kowane zango. A gefen kowanne ka sa farashin yau da fensir, ka sa kwanan wata. Duk bayan wata shida ka goge ka sabunta. Amfanin haka shi ne, ko farashi ya ninka, za ka iya cewa na mallaki bulo ɗari shida cikin dubu biyu, kuma wannan ba wanda zai rage maka shi.

Kada ka ƙiyasta da ka. Ka je wajen magini ya zo ya ga filin ya yi maka lissafi, ka je wajen na biyu ka gwada. Ka tambayi wanda ya gama gini bara, ba wanda ya gama shekara goma da suka wuce ba. Ka tambaye shi musamman abin da bai yi tsammani ba ya same shi. Zai ambaci ramin masai, wayarin, ƙofofi da tagogi, kuɗin lebura, ruwan da ake saye, da takardun fili. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke barin gini a linta shekara da shekaru.

'Yan'uwanmu na Nijar, da sefarsu ke ɗaure da kuɗin euro, ba su ga irin wannan faɗuwar ba, amma su ma sun san bambancin farashin tiyar gero tsakanin kaka da tsakiyar damina. Ƙa'idar ɗaya ce.

4. Jera su, ka ɗauki uku kacal

Wasu burikan tsani ne ga wasu. Ba a shiga yawancin fannonin jami'a sai da kiredit biyar har da Ingilishi da lissafi, saboda haka wanda ya rasa lissafi, burinsa na bana shi ne ya sake zana WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, digiri ya jira. Ba a zuba harsashi sai an tabbatar da fili: a ga takardar ciniki, a ji daga mai unguwa da maƙwabta, a bincika a ofishin filaye ko wurin na cikin tsarin hanya ko makaranta. Fili mai araha fiye da na kusa da shi, akwai dalili, kuma dillali ba shi zai faɗa maka ba.

Ka sa kibiya daga kowane buri zuwa wanda yake buɗe wa ƙofa. Wanda kibiyoyi suka fi fita daga gare shi, shi ne na farko. Sau da yawa za ka tarar sana'a ce ko takardar shaida, abin da zai ƙara maka samu, ba abin da zai ci samun ba.

Daga nan ka zaɓi uku: ɗaya mai cin kuɗi, ɗaya mai cin lokaci, ɗaya ƙarami da za ka gama cikin wata shida. Kada ka haɗa masu cin kuɗi biyu. Gini da Hajji a lokaci guda, ga mai albashi, ma'anarsa gini ya tsaya, kujera ma ba ta samu ba. Shi kuwa ƙaramin, amfaninsa shi ne ka ɗanɗana yadda soke layi yake. Mutumin da ya shekara uku bai gama komai ba, gwiwarsa takan yi sanyi ko da yana kan hanya. Sauran burikan su zauna a shafinsu, ba a jefar da su ba, layi suke bi.

5. Sauko da shi cikin mako

Raba kowanne daga cikin ukun zuwa rabon shekara, na shekara zuwa na wata, na wata zuwa na mako. Rabon mako dole ya kasance da rana, da lokaci, da wuri. "Zan riƙa karatu" ba ya aiki. "Asabar da Lahadi bayan sallar asuba, a masallaci, kafin in koma gida" yana aiki, domin ka jingina shi da abin da dama kana yi kullum. Lokutan salla biyar sun riga sun yanka mana yini gida-gida, ka rataya aikinka a jikin ɗaya daga ciki.

Na kuɗi kuma, a ranar da kuɗin suka shigo ake cire shi. Mai albashi ya cire ranar da ya ji alat, ɗan kasuwa ya cire ranar da ya yi lissafin shago, manomi ya ware buhunansa tun a masussuka. Wanda ya ce zai ajiye abin da ya ragu a ƙarshen wata, babu abin da zai ragu.

Gargaɗi ɗaya: ka yanka rabon daidai da makonka mafi wahala, ba mafi daɗi ba. Masu farawa sukan ɗauka da zafi, awa uku kullum, rabin albashi, su yi mako uku su saki gaba ɗaya. Gara rabin awa da za ta rayu har cikin zafin watan Afrilu da daren da babu wuta. Ma'aikacin da ya shiga buɗaɗɗiyar jami'a ta NOUN don kada ya bar aikinsa, wannan lissafin ya fi shafar sa, domin babu malamin da zai tsaya a kansa kullum.

6. Zaɓi ma'ajiya

Kuɗin buri ba sa zama a asusun da kake cefane da shi. Ga wuraren da mutane ke kai su, da abin da za ka kula da shi a kowanne.

Adashi yana da kyau domin kunyar mutane tana tilasta ka zubi. Amma ka san uwar adashin, ka san sauran 'yan zubin, kuma ka lura da kwasarka: mai kwasar ƙarshe a lokacin tsadar kaya yana karɓar kuɗin da sun riga sun rage daraja. Ka nemi kwasar da ta dace da ranar da za ka sayi abin, kuma ka saye shi a makon. Kuɗin adashi in suka kwana bakwai a aljihu, buƙatu sun ji ƙamshinsu.

Mai gini ya mayar da kuɗinsa kayan gini, amma ba kowanne ba. Siminti ba ya ajiyuwa, danshi na taɓa shi ya daskare, don haka ana sayen sa ne a makon aiki. Rodi da kwano suna jira in akwai wurin da ɓarawo ba zai kai ba. Bulo kuwa gara a ɗora shi a gini da a jibge shi damina uku tana duka.

Kiwo ma'ajiya ce ta iyaye da kakanni, rago ko tunkiya ko sa, a sayar gab da layya. Ka sa kuɗin dusa da harawa da magani a lissafi, kuma ka tuna dabba tana mutuwa. Hatsi ma ba kullum yake tashi ba. A 2025 farashin masara ya sauko, waɗanda suka saya da tsada suka ajiye sun ji a jikinsu.

Mai niyyar Hajji yana da tsarin adashin gata da Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta ƙaddamar tare da bankin Jaiz a 2020. Amfaninsa shi ne kuɗin sun bar hannunka da sunan abin da ka nufa. Ka je hukumar jin daɗin alhazai ta jiharka ka ji sharuɗɗan da kunnenka kafin ka fara.

Abu biyu kuma ka guje su. Na farko, tara takardun kuɗi a gida. Waɗanda suka yi haka sun ga tashin hankali lokacin da aka sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, ban da gobara da gara da ɓarayi. Na biyu, duk wanda ya yi maka alƙawarin riba mai yawa duk wata ba tare da ka ga abin da ake saye da sayarwa ba. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, bayanta irinta sun yi ta fitowa da sababbin sunaye, kuma masu dogon buri suka fi faɗawa, saboda gajiya da jira.

In ajiyarka ta kai nisabi, wato kimar dinari ashirin, kusan giram 85 na zinare, kuma ta shekara, akwai zakka a kanta, ɗaya cikin arba'in, ko da sunan gini ka tara ta. Ka tambayi malaminka, ka sa a lissafi.

7. Yi wa hidimar dangi wuri

Littattafan tsara rayuwa da ake kawo mana daga waje suna magana kamar mutum shi kaɗai yake a duniya. Mu ba haka muke ba. Akwai biki, akwai suna, akwai gudummawa, akwai ɗan'uwa da aka kwantar a asibiti da tsakar dare, kuma ba za ka ce masa kuɗin bulo ne ba. Ba na kallon wannan a matsayin cikas, domin ranar da taka ta taso su ne za su tsaya maka. Kuskuren shi ne a tsara kamar ba za ta taso ba.

Ka ɗauko kalandar nan ka yi alama a watannin da ka san kuɗi na fita: azumi, kayan ƙaramar salla, layya, kuɗin makaranta a watan Satumba, taki a farkon damina, haya. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kusan kwana goma sha ɗaya, saboda haka azumi da layya suna matsowa gaba duk shekara, kuma cikin shekara goma za su yi karo da wasu hidimomin da a bana suke nesa da juna. A irin waɗannan watanni ka rage rabon buri tun a takarda. Wata goma na zubi da ka cika sun fi sha biyu da ka karya.

Sannan ka buɗe asusu na biyu, ƙarami, na ba-zata da zumunci, ka fara cika shi kafin na burin. In buƙata ta zo, daga nan za ka bayar da zuciya ɗaya. In ya ƙare, ka iya cewa wannan ne abin da ya sawwaƙa, ba tare da ka yi ƙarya ba.

Game da faɗa wa mutane kuwa, shawarata ita ce ka taƙaita. Mijinki ko matarka su sani, domin tsimin da za a yi a gidan tare za a ji shi, kuma wanda ba a yi shawara da shi ba yakan ga kamar rowa ake masa. Sai amintaccen nan guda. Majalisa ba ta buƙatar sani.

8. Bita, da soke abin da ya mutu

Duk Juma'a, minti goma: na yi rabon makon nan ko ban yi ba? Alama kawai za ka sa. Duk wata shida ka zauna da amintaccenka, ku sabunta farashi, ku duba alamomin. In ka tarar buri ya yi wata uku babu alama ko ɗaya, kada ka tsaya zargin kanka, ka nemi inda ya maƙale. Ko rabon ya yi yawa, ko lokacin bai dace ba, ko akwai matakin da ka tsallake, ko kuma ba ka son abin tun asali. Ukun farko gyara suke so. Na huɗun, ka ja masa layi, ka rubuta dalili da kwanan wata a gefe. Na taɓa riƙe burin digiri na uku shekara huɗu a littafina kafin in yarda cewa sunan nake so, ba binciken ba. Da na soke shi, lokacin ya koma kan Larabci, wanda har yau nake cin amfaninsa.

Wa'adin da ka sa da fensir ne, kuma da in sha Allahu aka rubuta shi. Rashin lafiya, rasa aiki, haihuwa, rasuwa, duk suna matsar da shi. In ya matsa, ka goge ka sa sabo, ka koma kan rabon makonka daga inda ka tsaya, ba tare da ƙoƙarin rama watannin da suka wuce a dunƙule ba.

9. Shafin ƙarshe

Buri na shekara goma yana iya fin mai shi tsawon rai, don haka shafin ƙarshe na littafin ba naka ba ne, na magadanka ne. Ka rubuta wanda kake bi da wanda ke binka da adadin, adashin da kake ciki da kwasa ta nawa ce taka, wurin da takardun fili suke da shaidun cinikin, dabbobin da ka ba wani kiwo, kayan ginin da ka biya ba a kawo ba, da bankin da kuɗin Hajji suke. Lambar sirri ba ta shiga nan. Ka sa hannu da kwanan wata, ka sabunta shi ranar da kake sabunta farashi, kuma ka nuna wa mutum ɗaya a gidan akwatin da littafin yake.